Yadda ake kafa turken goga da kartar bogi don farautar barewa a Amurka

Duk wanda na nuna wa hoton nan a wayata, na wani ƙaton namijin barewa ya miƙe wuya yana tauna reshen da ni na ɗaura da hannuna, tambayar farko da yake min ita ce wai wane magani na shafa. Mu dai haka muka taso, in aka ce maharbi sai an haɗa da laya da ɗan siddabaru. To wallahi babu magani ko ɗaya, reshe ne da waya da zarto da kuma sanin inda dabbar take bi. Ni a jihar Wisconsin nake zaune, wani dattijon Bature manomi da muke maƙwabtaka ne ya koya min aikin a cikin gonarsa, kuma shekarar farko shirme kawai na yi ta tafkawa yana kallona yana dariya, shi ya sa zan faɗi abin daki-daki har da inda na kwafsa.

Sai ka fara sanin dabbar tukuna. Barewar nan da suke kira mai farar wutsiya ba irin tamu ta Sahel ba ce, ta fi girma sosai, kuma namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon mai rassa kamar bishiya, yana zubar da shi duk shekara tsakanin Janairu da Maris sabo ya tsiro. Sabon yana fitowa ne lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karan-miski, wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba fatar ta bushe sai ya samu ƙaramin itace ya goge ta. Daga nan bai daina goga ba har lokacin barbara ya wuce, saboda a goshinsa akwai wurin da ke fitar da wani maiƙo mai wari, in ya goga goshi a itace kamar ya sa hannu ne a takarda, duk wanda ya zo ya shinshina ya san wane ya wuce. Wanda ya taɓa kiwon bunsuru a gida ya riga ya gane rabin karatun nan, ka tuna yadda yake goga kai a jikin turke yana yi wa kansa fitsari, to kusan haka ne, sai dai wannan a daji.

Ita kuma karta, da su suke ce wa sikiref, wuri ne da namijin ke share ganye da kofaton gaba har sai ƙasa ta fito fili, faɗinta kamar faifai babba ko tiren shinkafa na gidan biki, sai ya haɗe ƙafafun baya ya yi fitsari ya gangaro ta kan wani baƙin gashi mai wari da ke cikin gwiwarsa ya zuba a wurin. Amma ga abin da ban gane da wuri ba: kusan duk kartar da ake ziyarta da gaske akwai reshe a samanta da ya sunkuyo, kuma reshen nan shi ne uwa uba. Shi suke lasa, su tauna, su goga goshi da gefen ido, maza da mata har da 'yan ƙanana, kuma duk shekara suke yi, rani da damina, alhali tonon ƙasan na ɗan lokaci ne. Dattijon nan ya taɓa sare reshen wata tsohuwar karta don ya nuna min, cikin 'yan kwanaki ganye ya rufe wurin, babu wanda ya sake waiwayarsa. Saboda haka in za ka kashe ƙarfinka, kashe shi a kan reshe.

Wani abu kuma kafin ka ɗauki shebur, kar ka sa rai wai wannan abin zai kira barewa daga wata unguwa. Ba ya yi. Aikinsa biyu ne kawai, ya tsayar da wanda dama ta nan zai wuce ya tsaya cak na minti ɗaya ko biyu ya ba ka haƙarƙari, sannan ya tara maka su gaban kyamara ka san su waye a dajin. Maharbanmu na da da suke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe, ai ba kiran dabba suke ba, sa ta suke ta saki jiki. Wannan ma dangin haka ne.

Mataki na farko takarda ce. Ka samu lasin ɗinka daga DNR, wato hukumar kula da daji da namun daji ta jihar, kuma a Wisconsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau ana neman ya yi kwas ɗin koyon farauta. Ka kuma samu izinin mai gona, in so samu ne a rubuce, kuma ka faɗa masa ƙarara cewa za ka sare ƙaramin itace ka haƙa rami, don wani zai ba ka izinin harbi amma ka taɓa masa bishiya ɗaya ku ɓata. A dajin gwamnati kuwa ba a sare itace haka kawai, kuma akwai ƙa'ida a kan barin kyamara ko mazaunin da maharbi ke ɗaurawa a kan bishiya su kwana, kowace jiha da tata, sai ka buɗe littafin dokar wannan shekarar ka karanta, kar ka dogara da abin da wani ya faɗa maka a gidan mai. In ramin kusa da gida ne ko bakin titi ko inda kake zargin an binne waya ko bututu, ka kira 811 kafin ka haƙa, kyauta ne za su zo su sa maka alama.

Na biyu shi ne zaɓen wuri, kuma nan ne duk aikin yake, sauran duk ƙarfi ne kawai. Barewa rayuwarta tsakanin wuri biyu take, inda take kwanciya da rana, wato cikin sarƙaƙiya ko ciyawa mai tsayi ko gefen tudu, da inda take kiwo da dare, gonar masara ko waken suya ko alfalfa ko ƙarƙashin bishiyoyin da suke kira ok (oak) lokacin da 'ya'yansu ke zuba. Kai kana neman hanyar da ke haɗa biyun. Ka shiga dajin a Maris ko Afrilu bayan ƙanƙara ta narke kafin ganye ya fito, lokacin komai a bayyane yake, tsofaffin karta na bara, itatuwan da aka goge, hanyoyin da suka fi zurfi. Inda hanya biyu suka haɗu, ko kusurwar gona da ta shige cikin daji, ko tsohuwar hanyar tarakta a cikin itatuwa, ko ɗan siririn daji da ke haɗa manyan dazuzzuka biyu, waɗannan su ne wuraren.

Kuskurena na farko kenan. Na je na kafa turkena a tsakiyar fili fetal inda har daga titi ana hango shi, don ni a ganina ya yi kyau a wurin. Kuma sun zo fa, hotuna kaca-kaca a katin kyamara, amma duk ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, ƙarfe uku na dare, ni kuma doka ba ta ba ni damar harbi a lokacin ba. Dama binciken da aka yi da kyamarori a jihar Jojiya ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na ziyarar karta da dare ake yin ta, to kai ɗan ragowar nan kake farauta, kuma ragowar ba a fili take faruwa ba. Da na matsar da abin cikin daji kamar taku hamsin zuwa sittin daga bakin gona, inda namiji ke tsayawa yana jiran duhu ya yi kafin ya fita, sai na fara ganinsu da sauran haske kafin magariba. Amma kar ka kutsa har cikin makwancinsu, in ka tashe su sau biyu sau uku shikenan sun canja gida.

Kuma ka fara zaɓen bishiyar da za ka zauna a kai kafin ka zaɓi inda turke zai tsaya, ba akasin haka ba. A nan yankin iskar kaka yawanci daga yamma ko arewa maso yamma take kaɗawa, don haka mazauninka ya kasance gabas ko kudu maso gabas da kartar, iska ta taso daga wurin dabba ta zo kanka. Nisa kuma yadi 18 zuwa 25 in da baka kake harbi, ko bakan nan mai kunama irin ta bindiga. Ga wata dabara da tsofaffin maza ke yi, ba sa zuwa kan kartar kai tsaye, sai su zagayo ta ƙasan iska su shinshino daga nesa, wato ta bayanka kenan, su ji warinka su sulale ba ka ma san sun zo ba. Maganinta ka jingina bayanka da abin da ba sa son bi, rafi mai zurfi ko gangare mai tsayi ko fili buɗaɗɗe. Sannan ka duba ta ina za ka shiga ka fita ba tare da ka taka hanyarsu ba.

Na uku kayan aiki. Zarto na hannu, abin haƙa ramin turke mai baki biyu ko diga da shebur, manjagara ƙarama, waya mai ƙarfi ko robar ɗaurin nan ta masu gyaran wuta, ƙusoshi masu zare da na'urar ɗaura su, safar hannu, takalmin roba dogo, sai kyamarar daji. Ka fesa maganin kaska a jikin kayan sawarka, permethrin shi ake amfani da shi a tufafi ba a fata ba, don kaskar Wisconsin tana ɗauke da cutar Lyme kuma ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, in ka dawo gida ka duba jikinka sosai.

Na huɗu turken kansa. Ɗanyen itace ake so da ɓawonsa a jiki, ba katakon shago da aka jiƙa da magani ba, wannan ko kallonsa ba sa yi. Suna son itace mai ƙamshi ko mai taushin ɓawo, sida ja shi ne sarki don yana da ƙamshi kuma yana daɗewa a ƙasa bai ruɓe ba, sai fayin, sai baswud da asfen, duk sunayen itatuwan can ne. Hanya mafi sauƙi ka zaga dajin ka ga wane iri suka fi gogewa da kansu, ka sare irinsa. Tsayi ƙafa 8, kauri inci 3 zuwa 5, wato daga kaurin damtse zuwa na ƙwauri. Ka sassabe ƙananan rassan ƙasa har zuwa daidai ƙirjinka don ya samu wurin sa goshi, in akwai rassa a sama da suka miƙo gefe ka bar su, za su yi maka amfani.

Rami ƙafa biyu da rabi zuwa uku, kar ka yi ƙwauron haƙa. Na biyun kuskurena kenan, ƙasar ta yi tauri rana ta yi zafi na haƙa ƙafa ɗaya da 'yan kai na ce ai ya isa, ranar da wani ƙato ya zo ya sa masa wuya sau biyu ya ture shi ya kwanta, ga shi a bidiyo yana tsaye yana kallon turken kamar yana cewa wannan wane irin aikin banza ne. Dabbar nan a lokacin barbara wuyanta kumbura yake yi, ƙarfi ne da ita ba na wasa ba. Kafin ka saka turken ka buga masa guntun katako a gicciye a can gindinsa, shi zai hana shi juyawa ko tsigewa. Sai ka tsayar da shi ka riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan kana daddaɓewa da ƙotar shebur, ka zuba ka daddaɓe, ka zuba ka daddaɓe, in akwai duwatsu ka cusa, har ya cika. Ka kama shi da hannu biyu ka jijjiga da iya ƙarfinka, in ya ɗan yi lilo a sama ba laifi suna ma son abin da ke ɗan turo su, amma gindi kar ya motsa. Siminti ba dole ba ne, kuma mai gona ba zai gode maka ba ranar da garmarsa ta ci karo da shi.

Daga nan ka ɗauki zarto ko bayan adda ka kankare ɓawon a gefen da ke kallon hanyarsu, daga daidai gwiwa zuwa ƙugu, har farin itacen ya fito ƙamshin ya tashi, ka bar ɓawon da ya zubo a gindin. Farin nan daga nesa suke hango shi. Akwai kuma masu yin na kwance, su kafa turaku biyu su ɗaura ɗanyen reshen fayin a gicciye daidai gwiwa ko sama kaɗan, ya yi aiki wa mutane da dama musamman a Iowa, amma reshen yana bushewa sai an riƙa canjawa, ni dai na tsaye ya ishe ni.

Na biyar reshen lasa, a nan ka nutsu. Kana da zaɓi uku. Ko ka samu reshe mai rai a bishiyar da ke wurin ka janyo shi ƙasa da waya ka ɗaure, wannan shi ya fi don ba ya bushewa. Ko ka yanko reshen ok mai kaurin babban yatsa zuwa sandar tsintsiya da ganyensa, don ok yana riƙe ganye ko ya bushe, ka ɗaure shi a saman turken da ƙusa biyu da waya ya miƙo gefe kamar ƙafa uku zuwa huɗu, bakinsa na kallon ƙasa. Ko kuma ka yanko kurangar inabin daji mai tsawon ƙafa biyar ko shida ka rataye ta a tsaye tana reto. Wasu igiyar rama mai kauri suke ratayawa su warware bakinta, tana yi, amma sai ta sha ruwan sama ta sha rana warin shago ya fita, wata biyu ma tana iya ɗauka kafin su yarda da ita.

Tsayin bakin reshen daga ƙasa shi ne ƙafa huɗu zuwa biyar, a jikina daidai ƙirji. Kuranga kuma ana sauke ta ƙasa da haka, daidai cibiya, don mata da ƙanana su kai, saboda in mata suna zuwa maza dole su biyo. In ya yi sama da yawa za su wuce ta ƙarƙashi ba su kula ba, in ya yi ƙasa ƙaho zai karya shi cikin sati. Ka ɗan karya bakin reshen ka murɗe shi ya yi kamar an tauna. Sannan ka duba kewaye, duk wani reshe da ya sunkuyo daidai wannan tsayin a cikin taku ashirin ka yanke shi ko ka ɗaga shi, naka ya zama shi kaɗai ne a wurin, in ba haka ba za ka sha wahala ka gama su je su buɗe tasu kartar a bayan wata bishiya inda kibiyarka ba ta kaiwa.

Maganar kuranga, dan Allah ka san wadda kake yanka. Ta inabi ɓawonta yana sassaɓulewa tsawo-tsawo kuma tana reto nesa da jikin bishiya. Akwai wata da ke manne da jikin bishiya mai gashi-gashi kamar tsohuwar igiya, ganyenta uku-uku, poison ivy kenan. Ni na ga ta fi kauri ta fi kyau na sa zarto, da 'yar shimi, ina gumi ina share wuya da bayan hannu. Kwana biyu bayan nan hannuwana da wuyana suka yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje masu ruwa, sati biyu ina susa, ranar Juma'a a masallaci sai da wani ya matsa gefe. Man da ke jikinta yana zama a safar hannu da zarto ma, sai an wanke da sabulu sosai.

Na shida kartar, wadda ita ce mafi sauƙi. Daidai ƙarƙashin bakin reshen ka share ganye da ciyawa da manjagara ko da guntun itace har ƙasa tsurarta ta fito, faɗin ƙafa biyu zuwa uku, ka tsige saiwoyi, ka watsa ƙasar baya gefe ɗaya yadda kofato ke yi, ka ja layi biyu uku da tsinken sanda. Wuri mai laushi da ba gangare ba, ba kan dutse ba, ba inda ruwa ke kwanciya ba. Ƙamshin sabuwar ƙasa kaɗai yana jan su. Ka lura da yadda zai tsaya, dabba tana shigowa ne ta miƙe jikinta da hanya, don haka hanyar ta gitta gabanka, in ya ɗaga kai yana lasa ya ba ka haƙarƙari, ba ƙirji ko gindi ba.

Yanzu maganar kwalba, da kowa ke ɗokin ji. In ka shiga shagon kayan farauta za ka ga kanta guda cike da kwalaben fitsarin barewa, Tink's, Code Blue da sauransu, har da wata jaka da ake ratayawa tana ɗigo da rana kawai in gari ya ɗumama. Kafin ka saya ka san akwai cutar da ake kira CWD mai cinye ƙwaƙwalwar barewa, an fara ganinta a Colorado a 1967, ta bayyana a Wisconsin a 2002, ba ta da magani, kuma tana bi ta yawu da fitsari da kashi. Saboda ita jihohi irin su Virginia da Vermont suka hana amfani da fitsarin barewa na ainihi tun 2015, wasu jihohin kuma sun hana a wasu yankuna. In dole sai ka sa wani abu, sayi na haɗin kamfani wanda ba daga jikin dabba ya fito ba, ka kuma tabbatar dokar yankinka ta yarda. Gishiri ko masara kuwa kar ka kuskura ka zuba a wurin, wannan ya zama bayar da abinci, kuma a yawancin yankunan Wisconsin an hana.

Ni ra'ayina kuɗin kwalban nan gara ka sayi batir da shi. Masu bincike a Texas sun gwada zuba fitsarin mutum a kartar bogi suka ga maza suna zuwa kamar yadda suke zuwa wa na barewa, kuma dattijona abin da yake yi kenan shekara da shekaru, ya gama share wuri ya juya baya ya yi abinsa. Ni ban bi shi a nan ba, ina barin ƙasar haka, barewar farko da ta zo ita za ta zuba na gaskiya kyauta. Abin da ya fi damuna shi ne warin hannuna a kan reshe, shi ya sa safar hannu ba ta fita har in gama, ba na zuwa da takalmin da na shiga gidan mai da shi, ba turare, kuma in na samu dama ina yin aikin ne da tsakar rana ana gab da ruwan sama ya wanke sawuna.

Na bakwai kyamara. Ka ɗaura ta taku biyar zuwa shida daga kartar, tana kallon arewa don kar rana ta haske mata ido safe da yamma, ka ɗaga ta sama da kanka ka sa ɗan tsinke a bayanta ta sunkuyo, saboda tsohon namiji in ya ga akwati daidai fuskarsa yana iya ƙaurace wa wurin. Ka cire ciyawar da ke gabanta, in ba haka ba iska za ta cika maka kati da hoton ganye dubu. In tana da bidiyo sa ta a bidiyo, a nan za ka ga ta inda yake shigowa da inda yake fita. Batirin lithium ya fi jure sanyi. Sannan ka danne zuciyarka, zuwa duba kati duk bayan kwana biyu shi ke kashe wuri, sati biyu ko uku ya isa, in kana da hali sayi mai turo hoto ta waya ka huta.

Lokacin kafawa, ni Yuli zuwa farkon Agusta nake yi, don su saba da reshen tun ƙaho na da fata, warina kuma ya daɗe da bajewa. In ka makara har Satumba ko farkon Oktoba ma yana yi. Farautar baka a Wisconsin tana buɗewa tsakiyar Satumba, amma kar ka ƙone wurin da zama tun da wuri. Gajartar yini ce ke tayar musu da barbara, kuma karta tana zafi ne daga wajen 20 ga Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, lokacin maza sun matsu mata ba su shirya ba. Nan ne za ka ga kartar da ka share kamar faifai ta koma kamar tabarma, baƙa, tana wari tun daga nesa. Ranar da ta fi ita ce in sanyi ya sauko bayan kwanakin ɗumi, ko ruwa ya ɗauke, sai su taso su sabunta warinsu. Da an shiga tsakiyar Nuwamba maza suna bin mata, ganye ya fara rufe kartar, kafin a buɗe kwana tara na bindiga ranar Asabar ɗin da ke gaban Thanksgiving, bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, yawanci wurin ya yi sanyi, sai dai wani lokaci su ɗan dawo a Disamba.

Ranar zama, in iska ba ta yi daidai ba kar ka je, ko da hutun aiki ka ɗauka. In ka hau bishiya ka ɗaura bel ɗin tsaro tun daga ƙasa, faɗowa daga mazauni na cikin abin da ya fi raunata mafarauta a ƙasar nan. In ya zo kar ka yi gaggawa, bar shi ya sa kai a reshe, idonsa na sama hankalinsa na kan wari, lokacin za ka ja baka, ka yi bisimilla ka saki a bayan kafaɗa. In ka same shi da sauran rai ka yanka. Ka yi masa rajista kamar yadda doka ta ce, kuma in yankin mai CWD ne ka kai kan a gwada kafin iyali su ci, ni naman yana zama a firiza da alama a jikin leda har sakamako ya fito.

In kaka ta wuce ka cire kyamara ka bar turken a wurinsa, wanda ya shekara biyu uku ya sha maiƙon goshi ya yi santsi ya fi sabo daraja a wurinsu. Sanyi yana ɗaga ƙasa ya sassauta gindin, don haka a Afrilu ka koma da shebur ka sake daddaɓewa, ka sassauta wayar da ka ɗaure a jikin bishiya mai rai kar ta shige cikin ɓawo, in reshen ya karye ka ɗaura sabo a daidai inda tsohon yake, guntun tsohon da suka tauna kuma kar ka yar, ka haɗa shi da sabon ka ɗaure su tare.